Ƙwaya Ɗaya, Amsa Biyu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da kowa na gidan. Yaya gwiwar? Inna ta ce ka daina shafa maganin, wai warinsa yana hana ka tunani. Ni lafiya lau, sai gajiyar aiki.

Na rubuto da hannu ne saboda a ofis an hana tura komai na aiki ta kwamfuta, a waya kuma duk abin da na faɗa maka Inna tana jin rabinsa, ta ƙago sauran. Wannan ba na so ta ji.

Kamfaninmu ya yi kwafin maganin zuciyar nan da take sha. Kafin hukumar magunguna ta yarda a sayar, sai mun nuna yana shiga jini kamar na asali. Maganin yana daɗewa a jiki, ba a iya ba mutum ɗaya duka biyun a jere, shi ya sa aka ɗebi masu sa kai sittin: talatin suka sha namu, talatin suka sha na asali, aka riƙa ɗiban jininsu ana aunawa. Ka san ƙa'idar. In aka ɗauki na asali a matsayin ɗari, tazarar da lissafi zai ba namu dole ta zauna tsakanin 80 da 125.

Na sa lambobin a manhajar da kamfani ke biya wa lasisi, wadda muke kira Tsohuwa. Ta ce 81 zuwa 118, wato mun ci. Sai ƙaiƙayin hannu ya sa na maimaita a manhajar kyautar nan da ka koya min. 'Yar Kyauta ta ce 79 zuwa 121, wato mun faɗi.

Lambobi ɗaya, Kawu, amsa biyu. Ni ce zan sa hannu a rahoton. Asibitin da Inna ke karɓar magani kuma yana cikin masu jiran namu. Da zarar an amince, za su daina sayen na asali.

Wacce ce ke ƙarya?

'Yarka,
Lauya (tunda ka ƙi daina kirana haka)

*

Ke Lauya,

Na amsa gaisuwarki, na kuma amsa tsegumin da ke cikinta. Gwiwa tana nan, ta zama ma'aikatar hasashen yanayi, kuma ta fi ta rediyo faɗar gaskiya. Innarki, yayar tawa, lafiyarta ƙalau. Kowace safiya sai ta ɗaga ƙwayar nan ta duba ta a haske kamar mai sayen zinariya, sannan ta haɗiye, sannan ta gaya min ban share ƙofar gida da kyau ba. Likita ya ce zuciyar tana tafiya daidai. Bakin kam bai taɓa buƙatar likita ba.

Na ji daɗi da kika tuna da ni. Ɗalibaina na bana sun ɗauka ƙididdiga wani abu ne da ake dannawa ya fito, kamar ruwan famfo. Jiya wani ya kawo min matsakaicin lambobin wayar 'yan ajinsu, yana jiran yabo.

Babu wadda ke ƙarya. Manhaja ba ta da ra'ayi, ɗabi'a take da ita. Duk abin da ba ki faɗa mata ba a fasalin lissafin, sai ta cike gurbin da abin da mai ita ya saba, kuma ba za ta gaya miki ta cike ba. Tsohuwa tana ɗauka rukunan biyu warwatsuwarsu ɗaya ce, wato yadda masu shan naku suka bambanta da juna, haka masu shan na asali suka bambanta. Sai ta haɗa warwatsuwar a tukunya ɗaya ta raba musu daidai. 'Yar Kyauta ba ta yarda da kowa ba, kowane rukuni da ma'auninsa. Ta yi kama da ke kina shekara shida.

Sai dai in rukunan kai ɗaya ne, talatin da talatin, hanyoyin biyu kusan wuri ɗaya suke sauka. Bambancin bai kai a ɓata tawada ba, kowacce kika bi halal ce. Saboda haka yatsanki nake zargi. Ki koma ki duba ko kin shigar da wata lamba a karkace. Ni ma na taɓa kayar da aji guda da waƙafi ɗaya, iyayensu har yau ba sa gaishe ni.

Ki ci abinci. Innarki ta ce a hoton nan na ƙarshe wuyanki ya yi tsawo.

Kawunki

*

Lauya,

Lafiya muke, ita ma lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da tsawonta.

Na kira ki, wayarki a kashe. Na tuna kin ce a ƙofa kuke ajiye su. Na tura saƙo, amma na san kin daina buɗe saƙonnina tun da na koyi tura hotuna. Ga direban da ke kai miki wasiƙa zai tashi, bari in rubuta.

Ina cikin gyaran takardun jarrabawa lambobinki suka dawo min. Na juya takardar wani bawan Allah da bai rubuta komai a baya ba, na gwada. Na juya ta kowace fuska. Da talatin da talatin, ko warwatsuwar ta ninka sau nawa, 81 ba za ta koma 79 ba. Kuma na zalunci yatsanki, don ke ba kya shigar da lamba sau biyu iri daban-daban.

Hanya ɗaya ce ta rage. Rukunan ba kai ɗaya ba ne. Ɗaya ya ragu sosai, kuma wanda ya ragun shi ne mai warwatsuwa da yawa. A irin wannan hali Tsohuwa takan ranto natsuwar babban rukuni ta lulluɓe ƙaramin da ita, sai tazara ta fito siririya, kyakkyawa, ba gaskiya ba.

Mutum nawa ne suka kai ƙarshen gwajin? A wane ɓangare aka rasa su? Me ya fitar da su?

Kada ki sa hannu a komai. Waccan wasiƙar tawa ki naɗe ta, ki sa ƙarƙashin ƙafar tebur mai girgiɗi, can za ta fi amfani.

Kawunki

*

Kawuna na kaina,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Wasiƙarka mai zancen gwiwa ta iso, na yi dariya har mai zama kusa da taga ya leƙo. Ka gaya wa Inna wuyana yana nan yadda ta haife shi.

Na duba lambobin sau uku, babu kuskure. Amma tunda ka ce kowacce aka bi halal ce, hankalina ya kwanta. Ka san wani abu? Manajanmu ɗalibinka ne! Da na ce masa kawuna malamin ƙididdiga ne, ya tambayi makarantar, sai ya miƙe tsaye. Ya ce kai ne ka taɓa rubuta masa a takarda, "Amsarka daidai ce, amma ba ka san dalili ba, saboda haka rabin maki." Ya ce har yau yana mafarkinka.

Na nuna masa wasiƙar. Ya ɗauki hoton sakin layin nan mai zancen halal, ya karanta a taron shugabanni, ya ce, "Ga fatawar Malam." An tafa. An tsayar da magana a kan Tsohuwa, dama ita kamfani ya tantance. An ba ni ɗan lokaci in haɗa rahoton.

A ƙasan bene an fara gwada buga kwalayen maganin. Shuɗi ne mai farin layi, ya fi na asali kyau. Na so in ɗauko wa Inna ɗaya ta gani, aka ce ba ya fita tukuna.

Manaja ya ce a gaishe ka da kyau.

Lauya

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ban san yadda nake ba.

Wasiƙarka ta biyu ta kwana a tasha wajen direba, sai bayan na aika tawa ta same ni. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar ofis, mai gadi yana tambayata ko rasuwa aka yi.

Ga waɗanda suka kai ƙarshe: ashirin da tara a rukuni ɗaya, ashirin da ɗaya a ɗayan. A ɓangaren na asali mutum ɗaya ya fita, matarsa ce ta haihu. A namu, tara. Na san haka tun farko, yana cikin rahoton asibitin gwajin, ba wanda ya ɓoye. Ban ɗauka ya shafi tambayata ba, shi ya sa ban rubuta maka ba. Bakwai sun yi amai jim kaɗan da shan ƙwayar, ƙa'ida kuma ta ce wanda ya amayar a cire shi, tunda ba a san nawa ya zauna ba. Biyu jiri ya kwashe su, suka ce a sallame su. Duk sun warware, sun koma gida da ƙafafunsu.

Na zana waɗanda suka rage, kowa ɗigo ɗaya. Na asali ɗigogin sun taru wuri ɗaya kamar 'yan aji a gaban allo. Namu sun bazu ninki biyu. Wani jininsa ya cika da magani, wani kamar ruwa ya sha. In ka haɗa su ka raba, matsakaicin 98 ne. Kyakkyawa.

Na kai wa Manaja. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo min lemo, abin da bai taɓa yi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam ya janye maganarsa."

Ya ce, "Malam ba ya janye magana, ƙarawa yake yi. Ɗauko takardar tsarin binciken. Me ta ce?"

Na karanta masa. Layi ɗaya ne: za a kwatanta rukunan biyu, a fitar da tazara. Ba ta ce a haɗa warwatsuwa ba, ba ta ce a raba ba. An kwafo ta ne daga tsarin wani tsohon gwaji, inda kowa ya sha duka magungunan biyu, inda tambayar ba ta taso ba.

Ya ce, "To kin gani. Takarda ta yi shiru, manhajar da aka tantance ta yi magana. Yanzu kina so mu canja hanya bayan mun ga sakamako? Ki tambayi kawunki sunan wannan. Shi ya koya mana cewa haramun ne. Har allo ya buga."

Na ce, "Amma taran nan fa?"

Ya ce, "Ni na fitar da su, ko ƙa'ida? 'Yata, akwai mutum ɗari biyu a ƙasa da ke jiran layin sarrafa maganin nan ya tashi. Akwai marasa lafiyar da ke tsallake kwana saboda tsadar na asali. Maki ɗaya ne tsakaninki da su. Ki sha lemonki."

Kawu, babu inda ya yi ƙarya. Na nemi wurin, ban samu ba. Me zan yi?

Lauya

*

Lauya,

Muna lafiya. Innarki ta lura ina yawan kallonta, ta ce in gado nake jira in sani babu komai sai bashin katin waya. Na ce ina duba ko ta fara kama da ni ne. Ta ce Allah ya kiyaye.

Na tuna Manajanku. Layin gaba, biro uku a aljihu, bai taɓa yin tambaya ba sai wadda ya san amsarta. Gaskiya ya faɗa, na buga allo. Na ce ba a zaɓen hanya bayan an ga sakamako, don kada mutum ya yi ta gwada ƙofofi har ya sami wadda ke buɗewa. Amma a wannan aikin babu wanda ya zaɓi hanya, ba kafin ba, ba bayan ba. Wani mai rubuta manhaja ne, a wata shekara, ya sa alama a ɗan akwati don dole sai an sa wani abu, ya tashi ya tafi cin abinci. Shi ne zai yanke abin da yayata za ta haɗiya. Ko sunansa ba mu sani ba.

Na rubuta wa Manajan da hannuna, na ce fatawar tana da sharaɗi, sharaɗin kuma bai cika ba. Ya aiko min da kalandar kamfani.

Ga shawarata, ki karanta ta har ƙarshe wannan karon, kuma kada ki nuna wa kowa. Kada ki ce Tsohuwa ta yi kuskure, don za su kare ta kamar uwarsu. Ki buɗe ta, ki shiga inda ake tsara fasalin, ki cire alamar nan ta haɗa warwatsuwa. Za ta ba ki 79, da bakinta. Sai ki sa amsoshin biyu a jikin rahoton, shafi ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, da zanen ɗigogin nan, da jimla guda mai cewa takardar tsari ba ta fayyace ba. Ba ke za ki yanke hukunci ba, aikin hukuma ne. Naki shi ne kada su yanke ido a rufe.

Abin da ke damuna ba maki ɗayan ba ne. Waɗanda aka gwada matasa ne masu ƙarfi, ƙwaya ɗaya suka sha, sau ɗaya. Innarki kullum za ta sha, a kan zuciyar da aka riga aka yi wa faci. Matsakaici kuwa ba ya kwanciya a gadon asibiti.

Kada ki ajiye aiki cikin fushi. Fushin gidanmu yana da kyau a baki, ba ya biyan haya.

Kawunki

*

Kawu,

Ka yi haƙuri da dogon shirun. Na san mun yi ta gaisawa a waya, na kuma san ka ji muryata ba daidai ba. Ban iya rubutawa ba sai yau. Ina fatan Inna tana lafiya. Ina fatan.

Na yi yadda ka ce. Tsohuwa ta ba da 79 da bakinta. Na sa duka biyun a shafi ɗaya. Rahoton ya hau sama ya dawo, shafin ya koma rataye, can bayan takardun tantance firji, an rage zanen har ɗigogin sun haɗe. Jimlata ta zama, "An yi ƙarin dubawa, duba rataye." Na ce ba zan sa hannu a haka ba. Ba wanda ya ɗaga murya. Mai zama kusa da taga ya sa. 'Yan biyu aka haifa masa kwanan nan, bai iya kallona ba, ni ma ban iya jin haushinsa ba.

Na sa rai a kan hukuma, don su ma sukan maimaita lissafin da kansu. Sun maimaita. Kawu, Tsohuwa suke amfani da ita. Suka zuba lambobin, ba su taɓa akwatin ba, ta ba su 81 zuwa 118, daidai da namu har ɗigon ƙarshe. Suka rubuto cewa binciken mai zaman kansa ya tabbatar da sakamakon kamfani. Manaja ya sa takardar a gilashi.

An amince da maganin.

Ba a kore ni ba. An mai da ni sashen duba rubutun kwali da 'yar takardar da ake naɗewa a ciki, wai don in huta da lambobi. Ina zaune kusa da injin naɗi, yana yi kamar mai tari. Daga tagar ina ganin motoci suna lodi.

Ka je ka ga likitanta. Ka nemi na asali ko'ina yake.

Lauya

*

Lauya, 'yata,

Gaisuwa, da fatan kina cin abinci. Ba ki yi laifi ba, kuma wannan ne karo na ƙarshe da zan faɗa, don na san ki, za ki ɗaukaka ƙara.

Na rubuta wa hukuma shafi huɗu, da misali, da lambar shafin ratayen. Sun amsa cikin ladabi. Sun gode da sha'awar da nake nuna wa lafiyar al'umma, sun ce za a sa ido bayan an fara sayarwa. Na fahimci tsarin: gwajin bai ƙare ba, an faɗaɗa shi ne, wannan karon ba a tambayi masu sa kan ba.

Na zaga kantunan magani har gwiwar ta daina hasashe ta koma zagi. Mai shigo da na asali ya daina kawowa, tunda asibitoci ne manyan masu saye. A wani kanto na sami kwali ɗaya, kwanansa ya wuce. Na ga likitanta. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na kai ga warwatsuwa, sai na ga idonsa ya koma kan layin da ke jira a waje. Ya ce barin maganin ya fi komai haɗari, a nan kuma ya fi ni gaskiya. Ya ce in na ga wani abu in kawo ta da sauri. Na ce wane abu? Ya ce duk abin da ba a saba gani ba. Shekara hamsin ina kallon matar nan, ban taɓa ganin abin da aka saba gani ba.

Na asalin da ke gida ya ƙare. Jiya muka je tagar karɓar magani. Mai ba da maganin ta turo shuɗin kwali ta ƙarƙashin gilashi. Innarki ta tura mata abinta.

"Ba shi ba ne. Nawa fari ne."

"Shi ne, Mama. Riga kawai ya canja. An gwada, daidai suke."

"Wa ya gwada?"

Sai ta juya kwalin, ta ga sunan kamfanin. Lauya, da kin ga fuskarta. Ta ɗaga shi sama ta nuna wa duk layin, ta ce, "Na wurin 'yata ne! Ita ke musu lissafi. In ita ta duba, ko guba ce zan sha." Mutane suka yi dariya, wata tsohuwa ta sa miki albarka. Ni ma na yi dariya, don ana kallona.

Na yi niyyar gaya mata a hanya. Na fasa. Mai ciwon zuciya da ke tsoron maganinta, ban san a wane rukuni zan sa ta ba.

Na karanta 'yar takardar cikin kwalin. Babu kuskure ko ɗaya, aikinki ya yi kyau. Amma ba ita nake buƙata ba. Ki nemi nas ɗin da ta zauna da masu sa kan nan a asibitin gwajin. Ki tambaye ta taran nan: kafin aman, kafin jirin, me suka fara cewa? Zufa ce, ko ɗaci a baki, ko hamma, ko shiru kawai suka yi? Zaune suke ko tsaye? Kada ki haɗa min su ki raba. Na kowa daban nake so, yadda ya faɗa. Kuma kada ki ba direba, ki kira. In Innarki ce ta ɗauka, ki ce zancen gwiwa ne.

Ta sha ƙwaya ta farko da safiyar nan. Ta ce ta fi waccan sauƙin haɗiya. Yanzu tana ɗakinta tana yi wa jikar maƙwabta ɗinki, ina jin keken daga nan. Na ɗauko takardun jarrabawa na dawo falo, na bar ƙofar a buɗe. Ta tambayi dalili, na ce iska nake sha.

Kawunki